Wayoyin Gaba na Kwamfutar Faruku

Bayan sadakar bakwai aka kwaso kwamfutar mijina daga shago aka kawo ta gida. A ɗakina aka dire ta, kusa da taga, don duk gidan ni kaɗai na san inda ake taɓawa ta tashi. Lasifikar kuwa, wata ƙatuwa mai kamar akwatin lefe, sai aka zura wayarta ta taga, aka ratsa tsakar gida da ita har rumfar surukata. Inna ce ta ce a yi haka. Tana son karatun Alƙur'ani ya riƙa tashi a gidan daga hantsi har magariba, ladan ya isa ga mamaci. Wa zai ce mata a'a?

Faruku sunansa. Shagon turi gare shi a bakin tashar Gummi, inda ake tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi da finafinai a memori, yana kuma taɓa gyara. Ya tashi zuwa Gusau sayen kaya, 'yan bindiga suka tare motarsu kafin su kai Anka. Gawarsa aka kawo mana. Wayarsa ba ta dawo ba, tawa ma da ya tafi da ita a canza mata gilashi ba ta dawo ba. Hotunansa, da saƙonnin muryar da yake turo mini da rana don kawai ya ji me na ɗora a wuta, duk suna can cikin daji a aljihun wani azzalumi. Allah ya isa, ban kuma janye ba.

Ni kuma na shiga takaba. Ɗaki, bayi, ɗaki. Ba kwalli, ba turare, ba leƙa zaure. Iyayena suna Sunke, hanya ba ta biyuwa, ko gaisuwa mahaifiyata ba ta samu zuwa ba, sai a wayar maƙwabta ta yi mini kukanta. Damina ce ta yi tsakiya. Ina jin mata suna wucewa ta bayan katanga za su fadama noman shinkafa, suna hira suna dariya, ni kuwa ina zaune ina kallon tsagar bango har na san inda ta lanƙwasa da inda ta miƙe. Wani lokacin sai in ji kamar in kurma ihu don dai in tabbatar muryata tana nan.

Ihu kuwa ba a gidan Inna ba. Faruku ɗan farinta ne, ita kuma mutuniyar da ce, ga jinin Fulani ta wajen uwa, kunyar ɗan fari ta riƙe ta da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In tana nemansa sai ta ce wa ƙanensa, "Kira mini wancan." In ya shigo gaishe ta, bango take amsa wa. Shi kansa ya taɓa ce mini cikin dariya bai san yadda sunansa yake fita a bakin uwarsa ba, na ga dariyar ba ta kai idonsa ba. Ranar da aka shigo da gawarsa ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba. Da na fashe da kuka, juyowa ta yi ta ce, "Naja'atu, ki yi mishi addu'a. Ba ni son hayaniya cikin gidan ga." Tun daga ranar ba a ambatonsa a tsakar gida sai dai a ce "mai rasuwa".

Wallahi na tsane ta a kwanakin nan. Ina faɗa ne don haka zuciyata take.

To ga abin da ke cina. A cikin kwamfutar nan akwai muryar Faruku. Wuri ɗaya tak. Wata rana ya kawo ta gida gyara, ya jona makirfo yana gwada tallar shagonsa, ya manta bai tsayar ba, ta ɗauke shi yana shirme ni kuma ina madafi. Na san inda abin yake. Kullum in zan kunna wa Inna karatu sai na gan shi a gefe, yatsana ya tsaya a kai, in janye. Don duk abin da kwamfutar nan ta furta, a kunnen Inna yake sauka. Ramin sauti na baya ya daɗe da karyewa, Faruku ya liƙe wayar lasifika a ciki da dalma, ba a zarewa. Makunnin lasifikar kuma yana daidai kan tabarmar Inna, ko kaza ce ta matso wurin sai ta ga sanda. Me zan ce mata? In ce a kashe karatun Allah, mai takaba za ta ji muryar namiji yana wasa?

Ina cikin wannan sai ga Abdussalam, ƙanen Faruku. Ya tsaya a bayan labule kamar yadda ya saba tun da na shiga takaba.

"Yaya Naja, an wuni lahiya? Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri sai Ma'aiki."

"Shagon ga ba shi yiwuwa shi zauna rufe. Gobe da la'asar zan zo in ɗauki kwamhuta, in kai a wanke ta tas a zuba sabbin kaya. Na samo wa Inna rediyo mai memori, karatu ba shi tsayawa."

"Akwai abubuwan yayanka a ciki," na ce.

"Tarkace na, Yaya. Ta cika har ba ta son tashi."

Ba mugu ba ne Abdussalam, gaskiyarsa ce, gidan yana buƙatar ci. Amma Inna tana rumfa tana jin mu. Na ce to. Ya tafi, na bi labulen da harara kamar shi ya yi mini laifi.

Sai idona ya faɗa kan gaban akwatin kwamfutar. Akwai 'yan ramuka biyu a wurin, kore da ja. Koren na abin kunne ne. Na sha ganin yadda yake aiki a kwamfutocin da Faruku ke gyarawa: da ka soka abin kunne a gaba, lasifikar baya sai ta yi tsit, kai kaɗai kake ji. Sai dai na wannan akwatin ba a taɓa haɗa shi ba. Tun da ya sauya mata akwati yake cewa gobe zai haɗa. Faruku da gobe, ai sai dai Allah ya jiƙansa.

Ba wai na iya gyara ba ne. Yatsuna dai ya riƙa ara. Nasa kauri gare su kamar rogo, in aiki ya kai lungu sai ya ce, "Zo ki ara mini 'yan siraran nan." In zo in riƙe, yana haska tocila yana ba ni umarni kamar wani babban likita. Da haka 'yan abubuwa suka maƙale mini a ka.

Washegari bayan azahar, lokacin da ake kashe kwamfutar ta huta batirin sola ya ɗan cika, Inna ta kishingiɗa a rumfa. Hadari ya haɗu, an fara yayyafi. Na tura ƙofa, na zare wayar wuta, na ɗauko jakar kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado. Warin hannunsa yana jikin jakar. Na daure na kwance murfin gefe.

Ƙura da kashin ɓera suka tare ni. Wayoyin ramukan gaban suna nan a dunƙule an ɗaure su da roba, amma ɓera ya cinye kawunansu, 'yan baƙaƙen bakunan da ake sokawa a kan babban allon da ke cikin akwatin. Tsirarar waya kawai ta rage. Na zauna dirshan na zagi ɓeran nan har kakanninsa.

A can ƙasan babban allon, ta kusurwar baya, na sami wurin. Allurai ne sirara a layi biyu, wuri ɗaya babu allura. Faruku yakan ce, "Ki nemi giɓin tukuna, shi ka nuna miki gaba da baya." Gefe da gefen giɓin akwai 'yan huluna biyu na roba, ƙanana kamar ƙwayar masara, kowace ta rufe allurai biyu. Na san su sarai. Duk ranar wanki sai na tsinci irinsu a aljihun rigarsa, in zuba masa a gwangwani ina mita. Ban taɓa tambayarsa me ya sa yake cire su ba.

Na tuna ja na kunnen dama, fari na hagu, kuma a wurin hulunan nan suke zama. Baƙi yana can ƙarshen layin giɓi, in babu shi ba abin da zai tashi. Akwai wasu wayoyin da ban san aikinsu ba, na naɗe su gefe. Saura yadda zan sa tsirarar waya ta kama allura. Da Faruku ne, ƙarfen liƙi zai jona ya ɗiga dalma, an gama. Ga ƙarfen a jaka, ga dalmar a naɗe tana ƙyalli.

Ban taɓa ta ba. Ni 'yar Sunke ce. Ina yarinya aka riƙa daka dutsen zinariya a tsakar gidajenmu, da turmin da muke daka hatsi, ƙurar tana sauka a kan tuwo da tabarma. Ƙannena biyu, Abba da Fatiha, a shekara ɗaya jijjiga ta ɗauke su, daga baya likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce. Faruku ya sha yi mini bayani wai ta liƙi ba ta kai waccan ba. Na ce dalma dalma ce. Bai isa ya sa hannu a kwanona ba sai ya wanke da sabulu ya sauya riga, kuma bai isa ya narka ta a ɗakina ba. Yana raye ban yarda ba, ba zan fara don ya mutu ba.

Na ɗauko zaren ɗinki. Na fere baƙar wayar da reza, na naɗa ta a allurarta, na ɗaure. Ta zame. Na sake, ta sake zamewa. Gumi yana shiga mini ido, tocila a baki, wuyana ya ƙage, ga tsoron kada silin waya ɗaya ya taɓa allurar kusa in ƙona allon gaba ɗaya. Da ƙyar ta zauna. Na dubi ja da fari na ji kamar in yi kuka, don la'asar tana matsowa.

Sai dabara ta zo mini. Na ɗaga hula ɗaya kaɗan da farce, na cusa jar wayar a ƙarƙashinta, na danna ta koma. Ta kama gam. Na yi wa farar haka. Ko girgiza ba sa yi. Har na ce a raina, kai Faruku, da ka ga matarka yau.

Na mayar da wuta, na kunna. Na soka abin kunnen da na samu a jakarsa, na toshe kunnuwana biyu, na ja mayafi na rufe kaina. Ruwa ya ɗan ƙaru a kan kwano. Ya kamata in gwada da karatu tukuna. Ban gwada ba, haƙurina ya riga ya ƙare. Na danna, na ƙure ƙara.

"Gwaji, gwaji. To. Assalamu alaikum jama'ar Gummi da kewaye, ku garzayo shagon Faruku mai turi, bakin tasha, inda... inda mi ma? Kai, na ɓata."

Ya yi tari. Ya yi dariyar nan tasa mai fita ta hanci. Ba a kunnena nake jinsa ba, a tsakiyar kaina yake, kamar ya sunkuyo ta bayana. Ya sake tallar ya sake ɓatawa, ya zagi makirfon, ya ɗan rera wata waƙa da muryar da ko akuya ba za ta tsaya saurara ba. Sai na jiyo kaina daga nesa, daga madafi, ina kiransa yadda na saba, don ni ma ban taɓa kama sunansa a gabansa ba.

"Mai shago."

"Na'am?"

"Tuwo na hucewa."

"Ga ni nan tahe."

Aka ji jan kujera. Bai tafi ba, ya dawo ya ci gaba da shirmensa. Ina dariya ina kuka, na cusa bakin mayafi a baki don kada a ji ni. Hawaye ya jiƙa mini wuya, na sa hannu zan share, hannuna ya fizge abin kunnen dama ya faɗi.

Muryar ba ta tsaya ba. Tana fitowa daga tsakar gida.

Na daskare. Faruku yana can a rumfar Inna yana cewa jama'ar Gummi su garzayo, da ƙarar da ko maƙwabta sun ji. A take na gane aikin hulunan nan. Su ne gadar da ke ƙetarar da sauti zuwa baya. Shi ya sa yake cire su ya jefa a aljihu duk ranar da ya haɗa na gaba. Ni kuma na mayar da su da hannuna, har ina yabon kaina.

Na kashe. Gidan ya yi shiru, sai ɗigar ruwa daga indararo. Na zauna ina jiran abin da zai biyo baya. Na san za ta ce na tozarta takaba, na mayar da gidan makoki gidan kallo. Wataƙila ta ce a fitar da kwamfutar yanzu-yanzu cikin ruwan nan. Na ji takun takalminta, a hankali, yana ratsa tsakar gida.

Tun da aka kawo ni gidan nan Inna ba ta taɓa taka ɗakina ba, ɗakin ɗan fari ne. Sai ga labule ya ɗaga. Kafaɗunta sun jiƙe. Ba ta dube ni ba, akwatin da ke buɗe take kallo.

"Inna, ki yi haƙuri, kuskure ne. Ni kaɗai na so in ji."

"Shina ciki?"

"Muryarsa ce kawai, Inna."

Ta nuna abin kunnen da ke lilo a wuyana. "Wanga hwa?"

"Shi ake sawa a kunne. Da na haɗa daidai, da ba wanda zai ji sai mai shi."

Sai ta sauke labulen a bayanta, ta tura ƙofa, ta zauna a bakin gadona, gadon ɗanta.

"Gyara shi," ta ce. "Yadda wani ba shi ji."

Na sake zare wuta. Na cire hulunan biyu, na rasa inda zan ajiye su, na ƙulle a bakin zane. Na koma ga zare. Jar wayar ta zame, na sake. Inna ta miƙo hannu ta karɓi tocilar daga bakina ta haska mini. Haskenta ya fi na Faruku tsayawa wuri ɗaya. Da na gama na kunna karatu, na leƙa ta taga. Lasifika shiru, karatu yana ɗan tsiyaya daga abin kunne kawai.

Na ɗaga gefen ɗankwalinta na sa mata a kunnuwa biyu. Ban taɓa taɓa jikinta ba sai ranar. Na danna.

Ta zauna a miƙe, hannuwa a kan gwiwa, ido a bango, yadda take zama in ya shigo gaishe ta. Ni ba na jin komai sai 'yar ƙara siririya kamar ta sauro, amma na riga na haddace, ina binsa a raina. Ga tari. Ga dariya. Fuskarta ba ta motsa ba har ya ƙare.

"Maido shi hwarko," ta ce, da ƙarfi har na zabura. Mai abin kunne ba ya jin muryar kansa, ita kuma ba ta sani ba. Tana ganin tunda an rufe ta da shi a ciki, abin da ta faɗa ma a ciki yake tsayawa.

Na mayar. Daidai nan na ji an jingine babur a zaure, Abdussalam ya yi sallama ya shigo tsakar gida, ya zo ɗaukar kwamfuta. Na miƙe zan taɓa ta in gaya mata, sai na ga leɓɓanta suna motsi. Bin maganar take tana jira. A cikin abin kunnen, Faruku ya ɓata talla. Ya zagi makirfo. Ya fara waƙar nan. Na gane wurin da take jira, na koma na zauna.

Waƙar ta ƙare. Daidai inda muryata za ta fito daga madafi, Inna ta ja numfashi ta rufe tawa da tata.

"Faruku."

Har tsakar gida aka ji. Takun Abdussalam ya tsaya cak a bayan taga.

Daga cikin abin kunnen, siririya, na jiyo amsar.

"Na'am?"

Inna ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ba ta tanadi abin da za ta ce masa bayan nan ba. Hawaye ya gangaro ta cikin tsagar fuskarta, ta bar shi. Can nesa ni ina cewa tuwo na hucewa, shi kuma ya ce mata ga shi nan tafe.

Ban san tsawon lokacin da Abdussalam ya yi a tsaye ba. Na dai ji ya juya, na ji ya tura babur ɗin waje bai tayar da shi ba sai da ya yi nisa da ƙofar gida.

Inna ba ta san ya shigo ba, ba ta san ya fita ba. Ta goge fuska da bakin gyale, ta gyara zama, ta sake ɗaga murya.

"Naja'atu, maido shi."